Ranar Da Aka Taya Barsu A Oron

Masu tarihi sun ce sa'ad da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yake neman wurin da zai kafa birninsa wajen shekarar 1809, wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna masa fili yamma da dutsen Warinje, shi ya sa garin ya ci sunansa. To, garin da ya ci sunan maharbi ai bai kamata kare ya zama baƙo a cikinsa ba. Amma duk wanda ya zauna birnin Bauchi ya san matsayin kare bai wuce bakin zaure ba. Yara su jefe shi, mata su kore shi daga gindin murhu, wanda kuwa ya so ya ci mutuncin ɗan'uwansa, sunan kare yake ara.

A unguwar Jahun an yi wani dattijo, Allah ya ji ƙansa, wanda ya gaji farauta kaka da kakanni. Yana da wani jan kare mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, ya sa masa suna Barsu. Mafarauta sun saba sa wa karnukansu suna na habaici, wannan kuwa da maƙwabta ake, watau a bar su su yi ta magana. Sai dai farautar ta riga ta tsufa kafin mai ita. Tun 1956 aka keɓe dajin Yankari aka hana harbi a cikinsa, daga baya aka keɓe na Lame da Burra, sauran dajin kuma gonaki suka cinye. Kafin shekarar 1988 abin da ya rage musu shi da Barsu bai wuce zomo da gafiya ba, su ma sai da rani in an ƙone ciyawa.

A cikin wannan shekara ce takarda ta zo daga ɗansa na fari, wanda ke zaune a Oron, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a Jihar Akwa Ibom, wadda a lokacin ba ta fi shekara guda da kafuwa ba. Yaron yana kai albasa can, yana sayo jatan lande da bandar kifi yana aikowa Arewa. Ya ce sau biyu ɓarayi suna fasa masa rumbun kaya, in Baba ya yarda a aiko masa da Barsu ya riƙa yi masa gadi, tun da farauta ta ƙare. Dattijo ya sa aka sake karanta masa takardar, ya yi shiru. Ba ya kiran sunan wannan yaro, don kunyar ɗan fari, ba kuma ya taɓa hana shi abin da ya roƙa. Ya ce za a kai, amma ba za a danƙa wa direba kamar buhun gero ba, shi da kansa zai kai shi.

Kafin tafiya sai da jikansa ɗan makaranta ya matsa aka kai karen asibitin dabbobi aka yi masa allurar ciwon hauka, da maganin da ake yi a Vom, inda aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi tun 1924. Dattijo ya yi ta gunaguni, wai karensa ya fi mutane da yawa hankali. Ma'aikacin ya ce, "Baba, ba a gane wannan ciwo da ido sai ya yi nisa, in kuwa ya bayyana a jikin mutumin da aka ciza, to, sai dai a haƙa rami." Aka ba shi takarda, ya ninke ta ya sa a aljihu tare da layarsa.

A tasha aka fara wahala. Duk motar fasinja da ya nufa, ɗan kamasho ya dubi igiya ya dubi abin da ke ƙarshenta, ya ce mota ta cika. Wani malami da ke jiran motar Jos ya ji tausayinsa ya sa baki, ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, an dai yi umurni a wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai, an kuma yarda a riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Direba ya saurara har malam ya gama, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Amma ni mutane nake ɗauka, su kuwa ba su karanta wannan babi ba." Daga ƙarshe sai gingimarin albasa aka samu mai zuwa kudu. Aka ɗora su can bisa buhuna, tare da karen mota. 'Yan tasha suka bushe da dariya, suna ce wa direba yau karnukan mota biyu gare shi, sai a ga wanda ya fi wani aiki.

Tafiya ce ta fiye da kilomita 800, suka kwana biyu a hanya. Sanyin Jos ya sa mutum da kare suka shiga bargo ɗaya, abin da dattijo bai taɓa yi ba a gida, bai kuma faɗa wa kowa ba sai bayan shekaru. Suka gangara Akwanga, suka wuce Lafiya, suka haye Binuwai a Makurdi. Bayan Makurdi ne, inda suka tsaya shan ruwa, wata mota ta tsaya kusa da su, an jera kejin ƙarfe a bayanta hawa-hawa, kowane cike da karnuka, wani kan wani, harsuna waje. Barsu ya miƙe, gashin wuyansa ya tashi, amma bai yi haushi ba. Dattijo ya tambayi karen mota ina za a kai su. Yaron ya ce daga kasuwar Dawaki aka ɗauko su, ta ƙasar Angas a Jihar Filato, wadda ke ci ran Alhamis, kuma hanyarsu ɗaya. Dattijo bai sake tambaya ba. Ya dai ƙara naɗe igiya a hannunsa har suka wuce Inugu da Aba da Uyo.

Oron tana bakin kogin Kuros ne, inda ya buɗe ya yi faɗi zai shiga teku, har mutum ba ya ganin ƙetare sosai in da hazo. Kafin a yi gadar Itu, ta nan ake shiga jirgin fito zuwa Kalaba, shi ya sa garin ya yi suna fiye da girmansa. Akwai makarantar koyon aikin jirgin ruwa da aka buɗe a 1979, da gidan kayan tarihi na tun 1959 inda aka ajiye gumakan katako na kakannin mutanen wurin. Amma abin da ya ɗaure wa dattijo kai shi ne ruwan kansa. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne Gongola a Dindima, wanda ke cika da damina ya janye da rani, sai ga shi gaban ruwan da ke yin daminarsa da raninsa sau biyu kowace rana. Da hantsi kwale-kwale suna kwance cikin taɓo, kafin la'asar suna rawa bisa ruwa. Barsu ya kai baki ya lasa, ya ji gishiri-gishiri, ya ja da baya yana atishawa. Da ruwa ya fara dawowa yana cin ƙasa, sai ya tsaya yana yi masa haushi kamar ya ga ɓarawo, matan da ke shanya jatan lande suna ta dariya.

A nan ne dattijo ya ga abin da bai taɓa gani ba. Duk inda suka bi, mutane sai su tsaya su dubi karen, su yaba. Wani ya shafa bayansa, wani ya ɗaga babban yatsa. Babu yaron da ya ɗauki dutse. Shekara 40 yana yawo da karnuka a Bauchi, ba a taɓa ce masa karenka kyakkyawa ne ba. Zuciyarsa ta yi fari, har ya ce wa ɗansa, "Kai, ashe mutanen nan sun san darajar dabba." Yaron ya sunkuyar da kai bai amsa ba.

Washegari a bakin kasuwa wani mutum mai fara'a ya tare su, ya duƙa ya taɓa cinyar Barsu ya matsa haƙarƙarinsa, yadda mahauci ke yi wa rago ana gobe Salla. Ya ce naira 40. Dattijo ya dubi ɗansa. Mutumin ya ce 60, ya ce 80. Yaron ya rasa yadda zai yi, ya ce, "Baba, taya shi yake yi. Nan ana cin naman kare. Har suna gare shi, 404 suke ce masa, wai don gudunsa kamar na motar Fijo." Dattijo ya tuna kejin nan na hanyar Makurdi. Ya san amsar tun can, ya dai ƙi ya faɗa wa kansa ne. Ya ja igiyarsa ya juya ba sallama, abin da ba halinsa ba ne.

Daren nan bai saki karen a rumbu ba. Ya ɗaura igiyar a ƙafarsa ya kwanta bisa buhunan albasa, in Barsu ya motsa shi ma ya farka. Haka aka yi dare huɗu. Ran na biyar ɗan ya ce cikin ladabi, "Baba, an kawo mai gadi, ga shi kuma shi ake gadi." Ba wanda ya yi dariya.

Mai gidan da yaron ke haya wani tsohon masunci ne, ya ga fuskar baƙon nasa ta ƙi sakewa, ya zo ya zauna kusa da shi, yaron yana yi musu tafinta. Dattijo ya fara da zafi, ya ce yaya mutum zai ci abin da ke gane muryarsa, ya tarye shi a hanya yana kaɗa wutsiya? Masunci bai yi fushi ba. Ya yi fito, sai ga wata baƙar karya ta fito daga ƙarƙashin kwale-kwale ta kwanta a ƙafarsa. Ya ce shekara tara tana shiga ruwa tare da shi har wajen Bakasi, duk garin nan an san tasa ce, babu mai taɓa ta, ba kuma kowa ne ke cin naman ba ko a nan. Sa'an nan ya ce, "Malam, waɗanda ake yankawa ba mu san sunansu ba. A mota suke zuwa, daga wajenku. Mu muna saye. Wa ke sayarwa?"

Mai karatu zai zaci dattijo ya sami amsa, don ba mutum ne da ake kayarwa a magana ba. Bai samu ba. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne uwar Barsu. Shekara uku kafin wannan tafiya ta tsufa, haƙoranta sun zube, ba ta iya bin zomo, sai ci. Ran nan wasu mutane biyu suka bi ta unguwa da sanda mai zarge a baki, suna tambaya ko akwai karen da aka gaji da shi. Ya san sayar da kare abin ƙyama ne wurin malamai, saboda haka bai yi ciniki ba. Ya dai nuna musu inda take kwance, suka ba shi ɗan abin da suka kira kuɗin goro, ya karɓa. Ya shiga gida don kada ya ji kukanta, bai tambayi inda za su kai ta ba. A unguwar ba wanda ya ga laifinsa, don kusan kowane mai kare haka yake yi. Sai da ya yi tafiyar kwana biyu ya zauna bakin ruwan gishiri, sa'an nan ya ga ƙarshen hanyar da ya sa ta.

Masunci ya yi masa tayi na mutunci. Ya ce gobe shi da kansa zai riƙe igiyar ya zaga da karen kasuwa da bakin ruwa, kowa ya gani ya san na gidansa ne, daga nan ko an sake shi da dare ba abin da zai same shi. Mai yiwuwa ne da an yi haka da ya zauna lafiya, don mutumin ba mai maganar banza ba ne. Ɗan ma ya roƙa, ya ce jarinsa duka yana cikin rumbun nan, in aka sake fasawa sai dai ya tattara ya koma gida. Dattijo ya yi godiya ƙwarai, ya kwana yana juyi. Ga ɗa wanda bai taɓa hana shi kome ba, ga kuma kare ɗan shekara shida, wanda nan da 'yan shekaru zai tsufa a garin da tsohon kare ke da kuɗi, a hannun yaron da zai yi abin da ya ga ubansa ya yi.

Da asuba bayan salla ya ce wa ɗansa, yana duban wani waje, "Kai, ka nemi mutum ka ɗauka gadi. Zan sayar da tunkiyar nan in aiko maka da kuɗin wata uku." Yaron ya ce, "To, Baba." Bai ƙara kome ba, amma bai raka su tasha ba, sai ya aiki yaron shagonsa. Suka hau wata gingimari mai ɗauke da manja da bandar kifi, suka kama hanyar Arewa.

Bayan wata biyu aka sake fasa rumbun, mai gadin yana barci. Yaron bai karye ba, amma sai da ya shekara yana biyan bashi, ya kuma yi Salla biyu bai zo gida ba. Da ya zo, uba da ɗa ba wanda ya ta da zancen, har Allah ya raba su.

Barsu ya yi shekara biyar bayan wannan tafiya. A ta ƙarshe ya makance, ba ya ko iya kai kansa bakin zaure, sai dattijo ya jiƙa masa tuwo da ruwa ya kai masa har inda yake kwance, maƙwabta suna ta magana. Masu sanda mai zarge sun biyo ta unguwar sau biyu, yara suka nuna musu gidan, dattijo ya fito ya ce ba a nan ba ne. Ran da karen ya mutu, a maimakon a ja shi a jefar a juji kamar yadda aka saba, sai ya sa shi cikin buhu, ya ɗauki fartanya, ya fita ta Ƙofar Jahun shi da jikansa, suka haƙa rami a bayan ganuwa. Takardar allurar nan kuwa a aljihun rigarsa aka same ta bayan rasuwarsa, ta yi laushi, rubutun duk ya goge.