Kwalaben Kawu

Mutanen tsibirin Islay na ƙasar Sikotilan kan busar da sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, su dafa wuski, su zuba a gangunan da suka taɓa ɗaukar giyar inabin Jerez ta Sifen, su jira shekaru. Gwanayen cikinsu kan rarrabe ƙanshin hayaƙi da na itace. Giya dai ba ta shiga gidanmu na Ali Kazaure, amma irin wannan hanci na san shi tun ina yaro, wurin kawuna mai turare.

Ba ya sayar da humrar Barno sai ta shekara. Yakan ɗiga a bayan hannu, ya lumshe ido, ya ce, "Ɗana, farcen wannan bai soyu ba." Yana da kwalaben al'ud da alhazai suka kawo masa daga Makka, wasu sun haura shekara 20, ko nawa aka taya, albarka.

Gobarar Kasuwar Taminus ta Fabrairun 2002 ta cinye su ƙaf. Maƙwabtansa na rumfa suka ce toka ma ƙanshi take yi. Shi kuwa bai je ya sansana ba.