Daren Da Muka Ɗauki Hoton Husufin Wata

A bangon ofishin malamai akwai wani ƙaramin hoto da ɗalibai sukan tsaya su duba, su yi dariya. Ƙasansa baƙi ƙirin, sai 'yan fitilu jefi-jefi, a sama kuma wani jan abu mai kama da ɓarin goro. Sun sha tambayarmu dalilin da ya sa muka sa wa irin wannan hoto gilashi. To, ga labarinsa.

Ranar Jumma'a ce, 27 ga watan Yuli, 2018, ana shirin tafiya hutu. Tun farkon makon rediyo ya sanar cewa za a yi husufin wata, kuma wata zai yi awa ɗaya da minti 43 cikin inuwa ɗungum, wanda babu mai tsawonsa a wannan ƙarni. Kafin ranar ta zo, magana ta canja kama a ɗakunan kwana. Wani ya karanta a Littafin Yowel inda aka ambaci wata zai zama jini, sai aka ce ƙarshen duniya ya zo. Wata yarinya 'yar aji ɗaya daga wajen Kudan ta same mu tana kuka, ta ce a bar ta ta tafi gida, in mutuwa ce ta mutu kusa da uwarta.

Mu manya kuma tamu damuwar dabam ce. Ba mu manta da Janairun 2001 ba, lokacin da aka yi husufin wata, waɗansu matasa a Maiduguri suka ce zunuban mutane ne suka jawo shi, suka ƙona otal-otal da wuraren shan giya. Shi tsoro, in ba a yi masa bayani ba, yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ranar Alhamis muka tara yara a babban ɗakin taro, muka rufe tagogi. Tocila ce rana, ƙwallo ce duniya, lemo kuwa shi ne wata. Da muka sa ƙwallo a tsakiya, inuwarta ta rufe lemon. Muka ce musu husufin ke nan. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake ara, in duniya ta shiga tsakaninsu sai inuwarta ta fāɗa kansa. Ba ya faruwa sai wata ya cika, ba kuma kowane wata ba, gama hanyar wata ta ɗan karkace da misalin digiri 5. Jan da yake yi kuwa, hasken rana ne da ya ratsa iskar da take kewaye da duniya, irin jan da muke gani a yamma kowace magariba. Muka yi musu alkawari za mu ɗauko hotonsa, domin gani ya kori ji.

Kyamara muka aro wurin maƙwabcinmu, wani Musulmi mai ɗaukar hoton biki, wanda yake zagaya Ikara da Makarfi a kan babur. Shi ya koya mana abin da muka sani. Ya ce, "Malam, wata idan ya cika ya fi gari haske nesa ba kusa ba. In ka gyara kyamara don wata, gari ya ɓace. In ka gyara don gari, wata ya zama farin tabo. Sai ya shiga inuwa ya dushe, sa'an nan za su yarda su fito tare." Ya kuma gargaɗe mu kada mu riƙe ta a hannu, gama idonta zai zauna a buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu, numfashi kaɗai ya isa ya ɓata hoto. In mun wuce haka kuma, watan kansa yana tafiya, zai fito a jirkice. Ba mu da ƙafafun kyamara, sai muka ɗora ta a kan ƙullin gero bisa benci.

Muka hau tudun bayan makaranta, muka fuskanci gabas maso kudu. Ikara ba ta da dogayen benaye irin na Legas. Abin da ya tsaya tsakaninmu da sama shi ne rufin kwano, da itatuwan mangwaro, da dogon ƙarfen wayar salula mai jar fitila, da hasumiyar masallaci, da gicciyen majami'a. Wajen ƙarfe bakwai da minti 24 inuwa ta fara cin gefen wata. Takwas da rabi ya shige gaba ɗaya. A daidai lokacin gajimaren damina ya rufe shi.

Daga cikin gari muna jin yara suna kaɗa gwangwani, wai rana ta kama wata, kamar yadda mu ma muka yi muna ƙanana. Maƙwabcinmu ya duba kyamarar sau ɗaya, ya yi mana sallama, ya gangara masallaci domin sallar husufi. Mu kuma ɗalibai suka soma waƙar yabo a hankali. Muka yi ta jira, wuya a ɗage.

Bayan ƙarfe tara gajimare ya tsage. Ga wata ja wur, kusa da shi kuma wani jan tauraro mai haske, wato Mas. Muka danna sau bakwai kafin ya sake ɓuya. Shida sun lalace. Na bakwai shi ne na bangon ofis.

Yarinyar nan ta Kudan tana tsaye kusa da mu. Da misalin goma da kwata, farin haske ya ɓullo a gefen wata. Ta ce, "Malam, ashe inuwarmu ce?" Muka ce mata, "Tamu ce, 'yata, da ke da mu da mutanen masallaci duka."

Washegari muka kai wa maƙwabcinmu kyamararsa. Ya duba hoton, ya yi murmushi, ya ce aikin 'yan koyo ne, amma a wanke biyu. Ɗaya yana shagonsa har yau.

Ya ku ɗalibai, in kun sake wucewa ta gaban hoton nan, ku matsa kusa. A ƙasa daga hagu za ku ga hasumiya, daga dama gicciye, babu wanda ya fi wani fitowa. Husufi zai sake zuwa, kamar yadda ya zo ranar 7 ga Satumba, 2025. In ya same ku a ƙauyukanku, kada ku ruga ɗaki. Ku nemo tocila da lemo, ku tara ƙannenku, ku nuna musu yadda Ubangiji ya shirya aikinsa.