Layin da Ba a Iya Kiransa

Duk wanda ya taɓa fita ƙasar nan da waya a aljihu ya san cewa da zarar jirgi ya sauka, layinsa na gida ya zama baƙo, baƙo kuwa da tsada yake sayen komai. Kamfaninka na gida yakan jingina ka ga wani kamfani na can, sa'an nan kuɗin kira da na data su hau, har kiran da aka yi maka ma in ka ɗauka sai an cire maka wani abu. Gudun wannan ne ya sa na yi wata dabara a watan Sha'aban na shekarar 2024, lokacin da na raka mahaifiyata Umra.

Dabarar ita ce abin da ake kira i-sim, watau layi marar kati. Shi ba a ɓare shi daga leda, ba a neman tsinke a buɗe gefen waya a zura shi. Tun daga masana'anta aka gina mazauninsa a cikin wayar, abin da ya rage kawai a rubuta masa bayanin kamfani. Ba kowace waya ke ɗaukarsa ba. A wayoyin iPhone sai daga 2018 ya fara, a 2022 kuma waɗanda aka yi don kasuwar Amurka suka fito babu ramin kati sam. Mutum zai shiga intanet ya zaɓi ƙasar da za shi, da yawan data, da yawan kwanaki, ya biya tun yana gida. Sai a aiko masa da wani hoto mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari kamar hatimi, ya haska shi da kyamarar wayarsa, shi ke nan layi ya zauna. Ni na sayi giga 5 na kwana 15. Katin bankina na naira ya ƙi biya, sai da wani abokina mai katin dala ya biya mini, na ba shi naira.

Gaskiya abin ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba. Muna sauka Jidda na kashe layina na gida, na kunna sabon, kafin kayanmu su fito saƙonnin 'yan gida sun fara shigowa ta WhatsApp. Muka wuce alhazai sun yi jerin gwano a gaban rumfunan STC da Mobily da Zain, kowa riƙe da fasfo yana jira a yi masa rajista. Hajiya ta ce, "Ni ba za a saya mini nawa ba?" Na ce, "Hajiya, ai muna tare, nawa ya ishe mu. In mun huta gobe sai a saya." Na faɗi haka ne da 'yar taƙama irin ta ɗan jami'a, gobe kuwa ta zo ta wuce ban saya ba. Da wannan data na nemo masaukinmu a Misfala, da ita na nema mana izinin ziyarar Rauda a manhajar Nusuk tun muna Makka, har na fara koya wa maƙwabtan ɗakinmu.

Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, irin layin da na saya data zalla yake bayarwa. Ba shi da lambar da wani zai buga. An kuwa rubuta wannan a wurin sayen, na gani, ban ɗauke shi komai ba, domin duk waɗanda nake hulɗa da su a makaranta ta intanet muke magana. Wayar Hajiya 'yar ƙarama ce mai maɓallai, ba ta san WhatsApp ba, layin da ke cikinta kuma tun daga Kano babu kuɗi a kansa.

A dare na huɗu, bayan sallar Isha, muka rabu. Mun yi da ita mu haɗu a Ƙofar Sarki Abdul'aziz, wadda ke fuskantar dogon benen nan mai agogo, amma masu tsaro suka karkata mata zuwa wata mafita saboda cunkoso. Na tsaya a bakin ƙofa rabin awa, na zaga zuwa Ƙofar Sarki Fahad, na dawo, na koma masauki a guje, ba ta nan. Mace ce mai shekara 68, ga ciwon gwiwa, ba ta jin Larabci in ban da na salla, maganinta kuma yana cikin jakata. Waya tana hannuna cike da data, ina iya ganin taswirar Harami ƙofa-ƙofa, ina iya magana da ƙanwata a Zariya, amma matar da ke cikin taron nan tare da ni ba ta da hanyar samuna. A nan na tuna da karin maganar neman gira.

Ƙanwar tawa ce ma, cikin kuka, ta ce, "Yaya, lambarka ta gida fa? Ita kaɗai Hajiya ta haddace." Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Wayar tana iya ɗaukar layi biyu a lokaci guda, na gida don kira, sabon don data, muddin an hana na gidan taɓa intanet. Na san haka sarai, tsoron cirar kuɗi ne ya sa na kashe shi ɗungum. Na kunna, ba a yi minti biyar ba sai ga kira daga wata lamba mai farawa da 966.

Muryar wata dattijuwa ce, da Hausa mai ɗan gardin Larabci. Haifaffiyar Makka ce, daga baya ta gaya mini kakanninta a ƙasa suka zo ta Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya, ba su koma ba. Ta ce ta tsinci Hajiya zaune a bakin titin Ibrahim Halil, ta buga lambar nan ya fi sau goma ana ce mata a kashe take. Ta ce, "Na tambaye ta sunanka don a yi cigiya, ta ƙi faɗa, sai 'yaron nan' take ta cewa." Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni Hajiya ba ta taɓa kama sunana ba, ko a wannan daren ma kunya ba ta bar ta ba.

Na iske su a gaban wani kantin dabino, an ba ta kujera da ruwan Zamzam. Ba ta yi mini faɗa ba. Sai da muka kusa masauki, tana dafe da kafaɗata, ta ce, "Kai, wane irin layi ne wannan da ba a iya kiran mai shi?" Na fara yi mata bayanin data, ta ɗaga mini hannu. Da safe na ɗauki fasfonta muka tafi rumfar masu layi, na shiga sahun da na raina a Jidda, muka yi kusan awa guda kafin a zo kanmu.