Muryar Tsohon Ƙarfe

Bahaushe ya san sanyi, amma sanyin da ya sani baƙo ne mai kunya. Hunturu kan sauko da hazonsa da ƙurarsa, ya fasa leɓe da dunduniya, tsofaffi su jawo kaskon wuta kusa da gado, kafin watan Maris ya yi nisa ya yi sallama. A arewacin jihar New York ta Amurka, inda neman abinci ya kai ni da iyalina, sanyi shi ne maigida. Akwai daren da ma'auni ke sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, ruwa ya daskare a cikin bututu har bututun ya tsage. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa wutar da ke tsakiyar ɗaki ita ce katangar da ke tsakaninsu da kabari, don haka suka mai da ƙera murhu sana'ar alfahari.

Tun a farkon shekarun 1740 Benjamin Franklin ya tsara wani murhun ƙarfe domin rage zafin da ke bin hayaƙi ya tsere, ya kuma ƙi karɓar takardar mallakar fasahar. Bayan an buɗe hanyar ruwa ta Erie a 1825, biranen Albany da Troy, waɗanda ke bakin kogin Hudson, suka zama cibiyar zubin murhu. Suna da yashi mai laushi da ke ɗaukar zane, suna kuma da hanyar kai kaya nesa. Yadda suke aikin bai bambanta da na masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwanninmu ba: a danna samfur a cikin yashi mai danshi, a cire shi, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. Sai dai ƙarfen zubi yana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 1,200 kafin ya kwarara.

Irin wannan murhu muka tarar a rumfar tsohon gidan gonar da muka saya. Tsayinsa ya kai ƙirjina, tsatsa ta mai da shi launin jar ƙasa, ɓeraye sun yi sheƙa a cikinsa. Uwargida ta ce a kira masu sayen gwangwan. Hujjarta kuwa ba ta wasa ba ce. Tana ƙarama aka wayi gari a unguwarsu da gawarwakin wasu maƙwabta da suka kwana da garwashi a ɗaki rufe. Ta ce, "Malam, ban baro gida na zo nan don hayaƙi ya cinye mini 'ya'ya ba." Na yi mata alkawari ɗaya: ba za a kunna ashana a cikinsa ba sai ita da kanta ta gamsu.

Ni jikan maƙera ne, ɗan maƙeri. Na tashi ina jan zuga-zugi kafin boko ya ɗauke ni, kuma a gidanmu jefar da ƙarfe abin kunya ne. Amma ƙarfen da mahaifina ke sarrafawa mai biyayya ne, a gasa shi a dake shi ya lanƙwasa. Na zubi yana ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, abin da ya sa yake da tauri marar haƙuri. Guduma ɗaya a inda bai dace ba, sai ya fashe kamar randa.

Aikin farko shi ne sanin asalinsa, domin wanda bai san sunan murhu ba ba zai samo masa kayan gyara ba. Da na goge ƙofarsa da burushin waya, rubutu ya fito: Round Oak, garin Dowagiac a jihar Michigan, da sunan Beckwith, da lamba 18. P. D. Beckwith ya fara ƙera wannan samfuri a farkon shekarun 1870, ya rasu a 1889. Murhunan da aka yi bayan rasuwarsa suna ɗauke da kalmomin da ke nuna cewa magadansa ne ke riƙe da kamfanin, kuma namu yana da su. Lambar 18 tana nuna faɗin tukunyar wutar da inci. Akwai shekarun da aka zuba a jikin wasu sassa, amma wani dattijo maƙwabcina, wanda ya shafe rayuwarsa yana gyaran irinsu, ya ja kunnena: shekarar samun takardar mallaka ce, tana faɗin cewa murhun bai girme ta ba, ba ta faɗin ranar da aka zuba shi. Ya kuma nuna mini cewa gangar tsakiya farantin ƙarfe ce da aka naɗe, gindi da tukunya da ƙofofi da hula su ne na zubi.

Da na aika wa mahaifina hotuna, bai yi magana a kan kwalliyar ganye da furanni da ke jikin ƙarfen ba. Ya ce, "Ka ƙwanƙwasa shi, ka bar ni in ji." Na rataye kowane sashe da igiya, na riƙa bugunsa da ƙaramar guduma, wayar tana kusa. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Da na zo kan tukunyar wuta, sai ta yi wani gajeren sauti kamar tari. Baba ya ce, "Wannan ta tsage, ko ba ka ga tsagar ba." Haka mata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su biya. Na shafa kananzir a cikinta, bayan ɗan lokaci siririn layi mai danshi ya bayyana a waje.

Kwance murhun ya ci mako uku. Notinan da suka shekara fiye da ɗari a ɗaure ba sa sakin jiki da ƙarfi. Na riƙa ɗiga musu mai safe da yamma, waɗanda suka ƙi kuma na yanke su, domin noti yana da arha, kunnen ƙarfen da yake riƙe da shi kuwa ba a sayar da shi ko'ina. Na ɗauki hoton kowane mataki, na sa wa kowane sashe alama. Tsohuwar igiyar toshe ƙofa na jiƙa ta kafin in taɓa, na rufe hanci, saboda a da akan yi irinta da asbestos mai lalata huhu. Game da tukunyar, ana iya walda ƙarfen zubi da sandar nikel idan an ɗumama shi tukuna aka bar shi ya huce sannu a hankali, amma wurin da wuta ke zaune kullum ba wurin faci ba ne. Na kai ta wata ƙaramar ma'aikatar zubi aka yi samfur da ita. Mai zubin ya ƙara mata kauri kaɗan kafin ya danna ta a yashi, domin ƙarfe yana tsukewa da kimanin kashi 1 cikin ɗari idan ya huce, kuma sabuwar za ta yi wa gurbinta ƙanƙanta in ba a yi haka ba.

Wajen haɗawa, na cike kowace gaɓa da simintin da ke jure wuta, na ɗaure notina ba tare da matsewa sosai ba, don ƙarfe na buɗewa idan ya ji zafi. Na shafe jikinsa da baƙin man garafait, na goge har ya yi sheƙi. Daga nan na kira uwargida da dare, na kashe fitilun rumfar, na sa tocila a cikin murhun na rufe ƙofa. Duk inda haske ya leƙo, nan hayaƙi zai bi. Ita ce ta gano wurare biyu da idona ya tsallake, ita ce kuma ta riƙe tocilar a karo na biyu, lokacin da duhu ya cika.

Girka shi a falo yana da dokoki, kuma kowace doka an rubuta ta ne bayan wani gida ya ƙone. Murhu irin na da, wanda ba a gwada shi a ɗakin gwaji na zamani ba, sai an bar inci 36 tsakaninsa da duk abin da ke cin wuta. Bututunsa mai fata ɗaya yana neman inci 18. A ƙarƙashinsa an shimfiɗa abin da wuta ba ta ci, ya zarce ƙofar da inci 18 saboda tartsatsi. Bututun hayaƙi dole ya ɗaga ƙafa 3 sama da inda ya huda rufi, ya kuma fi duk abin da ke cikin tazarar ƙafa 10 da ƙafa 2. Jami'in duba gine-gine ya zo ya auna, kamfanin inshora ya nemi takarda. Muka kafa na'urar da ke kuka idan iskar kabon monoksayid ta taru, wadda ba ta da wari ko launi, ita ce kuma ta kashe maƙwabtan uwargida. Wutar farko ta ƙirare ce kawai, ta biyu ta ɗan fi ta, domin sabon zubi da sabon siminti su saba da zafi. Uwargida ce ta ƙyasta ashanar.

A watan Janairu ruwan ƙanƙara ya karya wayoyin lantarki, muka yi kwana uku babu wuta. Na'urar ɗumama gida ta zamani ta mutu tare da lantarkin. Muka tattara katifu a falo, maƙwabta biyu suka shigo da jaririnsu, aka ɗora tukunyar shayi a kan hular murhun. Dattijon nan ya zauna yana kallon hasken garwashi, ya ce a gidan kakarsa haka ake kwana. Na fassara masa karin maganarmu, cewa da tsohuwar zuma ake magani, ya yi dariya ya ce a tabbatar dai itacen ya bushe.

Gaskiyarsa. Ɗanyen itace yana tara baƙar kunkunniya mai danƙo a cikin bututu, ita ce ke kamawa da wuta a tsakar dare. Shi ya sa nake faskare itacen baɗi tun bana, nake share bututun kowace kaka. Murhun da ya wuce shekara ɗari yana neman hidima kamar tsoho a gida, kuma yana biya da abin da yake da shi. A bazarar da ta wuce, da na kwance ƙofarsa don sake igiya, 'yata ta fari ta ɗauki gudumar ta buga, ta kara kunne, sannan ta kira kakanta a waya ta ce masa lafiyarta ƙalau. Baba ya ce ta sake bugawa ya ji da kansa.