Ziyara Gidan Yasassun Karnuka A Bayan Bukuru

Duk wanda ya san Bukuru ya san ta da kuza da kuma sanyi. Ni kuwa kare na je nema can a watan Disamba na 2023. Sau biyu ɓarayi suna haura katangar mahaifiyata a gefen Jos suna kwashe mata awaki, ga ta tsohuwa, ba kowa tare da ita sai jika guda. Da na kai kuka wurin wani abokin aiki, sai ya ce kada in nufi kasuwa, akwai wani gida a bayan Bukuru inda mutanen unguwa suka haɗa kai suna tattara karnukan da aka yasar.

Da sassafe muka tashi daga Jos, hazo ya lulluɓe duwatsu. Bayan mun wuce Bukuru muka ratse ta gefen tsofaffin ramukan kuza da kamfanonin Turawa suka bari, waɗanda yanzu sun zama tafkuna ana noman rani a bakinsu. Gidan ba shi da allo ko suna, shingen ƙerana ne kawai irin na Birom, da ɗakuna uku na kwano. Haushi ne ya nuna mana ƙofa.

Mai kula da wurin wani dattijo ne, tsohon malamin dabbobi. Ya zaga da mu, kowane kare da labarinsa. Ga wanda mota ta buge, ga wanda masu gida suka yi ƙaura suka bar shi a ɗaure, ga 'yan kwikwiyo da aka tsinta cikin kwali a bakin juji. Biyu kuwa fanso su aka yi daga hannun fatake masu kai su kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke, wadda ta yi suna wajen cinikin karnuka, galibi na yanka. Mahautan unguwa ke ba da ƙashi, masu sayar da tuwo su ba da ƙanzo.

Na zo da zaton ni zan duba in zaɓa. Ashe ni za a duba. Dattijon ya ajiye mini kujera ya shiga jero tambayoyi. "Malam, wa zai riƙa ba shi ruwa? Akwai inuwa? In ya tsufa ya daina haushi fa, yaya za ku yi da shi?" Raina ya ɗan sosu, na ce, "Baba, ai kare na zo nema, ba aure ba." Ya yi murmushi ya ce, "Yawancin waɗanda ka gani nan, masu irin wannan magana ne suka zubar da su." Na yi shiru.

Sa'an nan ya kawo maganar da ta fi damunsa, watau ciwon haukan kare. Duk baƙon kare sai an keɓe shi mako biyu ana lura da shi, a cire masa kaska, a yi masa allurar rigakafi irin wadda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924. Lalle abin ba na wasa ba ne, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi kowace shekara, kuma kusan duka daga cizon kare. In alamunsa sun bayyana, sai dai addu'a. Ya ce wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya neman gashin karen ya ƙona.

Idona yana kan wani baƙin kare ƙato, amma ya hana ni, wai wannan kaji yake bi. Sai ya jawo wata jar karya mai ɗingishi, wadda aka ciro daga ramin kuza, ya ce cikin awaki ta tashi. Bai karɓi kuɗinta ba. Katin allura ya miƙo mini, da sharaɗin in sabunta kowace shekara, in kuma mun gaji da ita mu mayar masa, kada mu sake ta a titi. Na bar musu kuɗin buhun masara.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallonta, kana ta ce tun da dai na gadi malamai sun halatta, to ta zauna wajen turken awaki, a ware mata kasko nata. Ta raɗa mata suna Tsintuwa. Kwana uku tana ɓoye bayan tulu, ko tari ba ta yi ba, har na fara tunanin an cuce ni. A dare na huɗu ta tashe unguwar duka da haushi, da safe muka ga sawun takalmi a gindin katanga.

Ƙarshen wata sai ga wayar dattijon. Bai tambayi awaki ba, ƙafar karyar ya tambaya.