Daga Kano Zuwa Ikko a Mota: Lissafin Guzuri da Lissafin Rana

Tsakanin Kano da Ikko, idan mutum ya bi ta Kaduna da Lakwaja da Badun, akwai tafiyar kimanin kilomita 1,100, kuma duk wanda ya ƙudura niyyar yanke wannan nisa a cikin motarsa ta kansa, to lalle ya ɗora wa wuyansa aikin da a zamanin fatake akan raba wa mutane da dama, domin shi ne madugun da zai yanke shawarar inda za a ya da zango, shi ne jagaba, shi ne kuma ma'ajin da dukiyar ayari take hannunsa. Dalilin da ya sa muka ɗauki wannan nauyi shi ne ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu a Agege. Muka tashi ni da Baffana, ƙanin mahaifina, dattijon da ya ci ƙuruciyarsa a fataucin goro tsakanin Shagamu da Kano, tare da wani yaron gidanmu wanda ya iya tuƙi, saboda tun farko na ƙi yarda hannu guda ya riƙe sitiyari daga Arewa har Kurmi.

Kafin mu sa ranar tashi sai da na zauna da alƙalami, domin tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya kusa ninkawa sau uku cikin 'yan kwanaki, bai kuwa tsaya a nan ba, har ya zamana babu mai hankalin da zai shiga doguwar hanya bisa kintace. Hanyar lissafin ba ta da wuya. Motata takan ci kamar lita guda a kowace kilomita 10 idan hanya ta yi kyau, saboda haka zuwa kaɗai lita 110 ne, sai na ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda cunkoso da ramuka da ratse, sa'an nan na ninka duka biyu, domin mai zuwa biki komowa zai yi, kuma kuɗin komowa shi ne wanda hidimar biki ta fi saurin haɗiyewa idan ba a killace shi ba. Bayan mai sai masauki da abinci. Amma kason da na fi ba muhimmanci shi ne wanda na ware da fatan kada a taɓa shi, wato kuɗin ko-ta-kwana, wanda na sa ya kai sulusin guzurin gaba ɗaya. Wasu za su ce wannan yawan tsoro ne, ko ma raunin tawakkali, ni kuwa abin da na koya a gaban malamai shi ne riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma wanda ya fita ba tanadi, ƙarshensa ya ɗora wahalarsa a kan bayin Allah da zai tarar a hanya, alhali ba su ji ba, ba su gani ba.

Kuɗin ma ban tara su wuri guda ba. Na bar mafi yawa a banki, tun da yanzu da wuya ka shiga gari ka rasa mai POS, amma na riƙe tsaba daidai gwargwado, da ƙananan canji a aljihun gaba, saura kuma na ba Baffa ya adana, domin wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san cewa akwai ranar da na'ura za ta ƙi aiki, mai faci kuwa a bakin daji ba ya jiran sabis ya dawo.

Motar ta kwana a gareji. Bakanike ya juye baƙin mai, ya duba birki da fanbel da lagireto da fitilu, sa'an nan ya nuna mini wani abu da masu mota da yawa ba su kula da shi, wato lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zanenta raɗau alhali robar ta tsufa, kuma zafin kwalta a tsakar rana shi ke tona asirinta. Na sauya guda biyu, kuɗin ya yi mini ciwo, amma na san gara a biya shi a Kano, inda nake da zaɓi da damar ciniki, da a biya shi a inda mai sayarwa ya san ba ni da mafita. Na haɗa lasisin tuƙi da takardun mota da na inshora a jaka guda, na tabbatar akwai safaya mai iska da jak da tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku, waɗanda jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, sukan tambaya.

Muna sallame Asuba muka kama hanya. Baffa ne ya kafa wannan sharaɗi, ya ce mini, “Ɗana, kuɗinka ka lissafa, amma ranar fa? Ita ma guzuri ce, kuma ita ba a ranto ta.” Na ce, “Gaskiya ne, Baffa, yadda ka tsara haka za a yi.” Tsarinsa kuwa shi ne a duba inda ake so faɗuwar rana ta riske mu, sa'an nan a yi lissafi da baya-baya har zuwa lokacin tashi, kuma kada a yarda duhu ya same mu a kan kwalta ko da masauki zai ci kuɗi. Muka wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, muka ratsa gefen Zariya hantsi bai yi zafi ba, muka sha mai a Kaduna duk da tanki bai sauka ƙasa da rabi ba. Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu: rabin tanki a ɗauke shi tamkar babu, domin wanda ya jira fitilar mai ta kama, hannun 'yan bumburutu zai faɗa, ya sayi galan da tsada, kuma bai san abin da aka gauraya a ciki ba.

Daga Kaduna zuwa Tafa babu wanda ya yi dogon zance a cikin motar. Sunayen Rijana da Katari sun shiga kunnen kowa a shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi wannan hanya, kuma ko da yake mun sami jami'an tsaro a wurare da dama, mun bi shawarar direbobin tasha da muka tambaya tun a Kawo, cewa a wuce yankin da rana tsaka, a bi sahun sauran motoci, kada a tsaya sayen komai. Ina ganin tambayar direbobin haya ita ce mafi arhar duk abin da matafiyi zai yi wa kansa, domin su ne suka bi hanyar jiya, su suka san inda gada ta karye da inda ake aiki an karkatar da motoci hannu guda. Da Dutsen Zuma ya bayyana a gabanmu sai hira ta dawo. Ba mu shiga cikin Abuja ba, muka karya ta Zuba zuwa Gwagwalada, muka tsira da mai da lokaci.

A Abaji muka tsaya salla, muka yi ƙasaru, domin a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, tafiyar mil 48 ta isa a mayar da mai raka'a huɗu biyu, mu kuwa mun ninka wannan sau da yawa. A nan muka buɗe guzurin da aka haɗo mana daga gida, dambun nama da gurasa da dabino da ruwa mai yawa, wanda ya rage mana kashe kuɗi, ya kuma kare mu daga cin abin da ciki bai saba da shi ba, ga shi kuwa ɓacin ciki a hanya ya fi fancar taya tsayar da tafiya.

Muka haye gadar Murtala a Jamata, bayan Koton Ƙarfe, rana ta karkata. Wannan wuri ne da ambaliya ta shafe hanya a 2012, ta kuma sake a 2022, motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, saboda haka wanda zai bi nan a ƙarshen damina wajibi ne ya bincika labarin ruwa kafin ya baro gida. A Lakwaja muka kwana. Yaron namu ya so mu ƙarasa Okene, Baffa ya ce a'a, magana ta ƙare. Da sauran haske muka je muka ga inda kogunan Kwara da Binuwai suka haɗu a ƙarƙashin Dutsen Patti, kuma zuciyata ta yi nauyi da na tuna cewa a garin nan ne aka kafa tutar Ingila a ranar 1 ga Janairu 1900 aka shelanta mulkin Turawa a kan Arewa, a nan ne kuma Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, ya ƙare kwanakinsa a tsare har Allah ya karɓi ransa a 1926. Bakano ba ya wuce Lakwaja kamar baƙo. Muka yi masa addu'a, shi da sauran sarakunan da aka kawo nan aka raba su da jama'arsu. Masaukin da muka zaɓa matsakaici ne, abin da muka duba kawai shi ne katanga da maigadi da wurin ajiye mota a ciki, muka kuma ga ɗakin da idonmu kafin mu biya.

Kashegari ƙasa ta sauya kama. Duwatsun Okene, sa'an nan kurmi mai duhu, hanya tana murɗawa, manyan motocin siminti suna tafe a jere, wanda duk ya yi gaggawar wuce su a kan kwana yana wasa da ransa. Shingayen bincike suka yawaita, kuma na lura cewa sallama da sakin fuska da cikakkun takardu suna gajarta tsayuwa fiye da gardama. Tsakanin Owo da Akure ƙarfe ya huda mana taya, muka sa safaya, a gari na gaba muka tsaya aka yi wa wadda ta fashe faci nan take, domin tafiya ba safaya ganganci ne ko da saura kilomita kaɗan. Mai facin ya faɗi kuɗinsa, Baffa ya yi masa magana da Yarabancin da ya koya a kasuwar goro, sai ga farashi ya sauko, har da dariya da tambayar mutanen gida.

Muka bi ta Ilesha da Ife muka shiga Badun, muka yi Azahar a Sabo, unguwar da Hausawa suka zauna tun 1916, inda mutum zai ji harshensa a kowace rumfa ya ci tuwo irin na gida. Daga nan sai babbar hanyar Ikko, wadda aka buɗe a 1978, mai tsawon kusan kilomita 127. A takarda tafiyar sa'a biyu ce, amma tireloli a Ogere da cunkoson mashigar birni daga gadar Kara sukan mai da ita abin da Allah kaɗai ya san iyakarsa, shi ya sa muka bar mata rabin yini cur. Da muka zo saitin Shagamu Baffa ya yi ta nuna mini inda suke ɗaure huhun goro a da, yana ba ni labarin tsohuwar hanyarsu ta Ilori da Jabba da Mokwa da Tegina da Birnin Gwari, wadda ta fi gajarta, amma lalacewa da rashin tsaro suka sa masu ƙananan motoci da yawa suka ƙaurace mata.

Mun isa Agege kafin Magariba. Da dare na fito da takardar lissafi: mai ya ɗan haura abin da na rubuta saboda cunkoson Ogere, abinci ya yi ƙasa, kuɗin ko-ta-kwana kuwa facin taya kaɗai ya taɓa shi. Na cire kuɗin komowa na damƙa wa Baffa tun kafin 'yan'uwa su fara shigowa gaisuwa, muka kuma yi shawarar cewa ranar juyawa a Ikko za mu cika tanki fal, mu ƙara a Badun, tun da fetur ya fi araha kusa da teku, yana ƙara tsada gwargwadon yadda tanka ta yi nisa da shi zuwa Arewa.