Daga Maƙerar Gamu Zuwa Maƙerar Gure

Wanda ya bar Damagaram ya miƙi hanyar Diffa zai wuce Mirya da lambunanta, ya wuce tafkunan Gidimuni, daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Jigawa ta yi ta tashi tana sauka, goruba da dabino su ɓuya cikin kwaruruka, kanwa ta yi fari fat a gindin tuddai. Kafin a kai Gure an ci fiye da kilomita 150. Gamu kuwa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin gundumar Gure, ba ta bakin kwalta, sai an bi yashi a motar da ta saba da shi. Barebari ne masu ƙasar, amma ranar kasuwa Hausa ce ke haɗa su da Fulani da Buzaye da baƙi irina. Sayen raguna ya kai ni, na bi wani abokina mai wannan sana'a. Labarin da na dawo da shi kuwa na wani cinikin azurfa ne, wanda mai sayen da kansa ya ƙi ƙullawa.

A gefen kasuwar akwai rumfar wani maƙerin fari, dattijo mai ƙarancin magana, yana gyaran awarwaro da zobba. Na fake a inuwarsa ina jiran abokina ya gama da dillalai. Sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, suka gaisa, ta kwance haɓar zanenta ta fito da zare mai liyari bakwai, kowanne da ɗan kunnen da aka liƙa masa don rataya a wuya. Na kakarta ne, in ji ta. Jikanyarta za a aurar bayan kaka, tana so ta sayar da biyu ta yi mata kayan ɗaki.

Bai yi gaggawa ba. Ya zare su ya jera bisa buzu. Ya ɗauki na farko ya jinjina a tafin hannu, ya bi bakinsa da farcen babban yatsa yana laluben rubutun da ya zagaye shi, sannan ya ɗora shi a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa da wani siririn ƙarfe, ya kai kunne. Azurfa mai kyau amonta siriri ne, yana jan lokaci kafin ya mutu. Dalma da gaurayen zubi kuwa ƙwas suke yi su yi shiru. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na bakwai ya ƙwanƙwasa, ya sake, ya ajiye shi gefe guda.

Ya ce, "Iya, waɗannan shida ba ni da shakka a kansu. Wannan kuwa muryarsa ba ta gamshe ni ba. Amma kada ki sayar mini a kan maganata ni kaɗai. Ki kai su Gure, akwai yaron da ya fi ni ido, yana da sikelin da ba ni da shi. Abin da ya ce, ki zo ki faɗa mini."

Ta ce, "To, Malam, Allah ya saka da alheri," ta maida su zarensu.

Na daɗe ina yawon kasuwanni, na kuma san abin da mai saye yakan yi in ya hango aibi a hajar wanda ke cikin buƙata. Aibin nan shi ne tsaninsa na karya farashi. Wannan bawan Allah ga riba a gabansa, ga tsohuwa da ba za ta iya musa masa ba, sai ya tura ta wajen wanda zai iya ƙaryata shi. Shi ya sa na ƙudurta sai na ga ƙarshen maganar.

Liyarin nan ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Kuɗin Ostiriya ne, mai hoton sarauniya Maria Theresa a fuska ɗaya, da mikiya mai kai biyu a ɗaya fuskar. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma fatake a Yaman da Habasha da Sudan da Barno sun amince da shi, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama. Don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ta 1780, ba a Biyana kaɗai ba, har a Landan da Paris da Rum da Bombai, miliyoyi ɗari-ɗari, kowanne giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Ayarin Tarabulus ne ke ratso Sahara da shi ta Murzuk da Bilma, alhazai kuma su shigo da nasu ta gabas. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canza liyari ɗaya da wuri 2,500, kuma a Disambar 1852 ya biyo ta Gure, fadar Muniyoma sarkin ƙasar, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899 suka ɗora haraji da nasu kuɗin, daga baya sefa ta zo a 1945, sai liyari ya bar kasuwa ya koma wuyan mata da ƙasan adaka. Can ya zama ajiya: a fito da shi ranar biki, a fito da shi shekarar fari.

Tun wancan zamani ba a karɓarsa da ka. A kafaɗar sarauniya akwai wani ɗan maɓalli da aka zagaye da ƙwayoyin lu'ulu'u. 'Yan kasuwar da sukan duba ƙwayoyin nan, in sun shafe su ƙi karɓa ko su rage masa daraja, domin shafewarsu alama ce azurfa ta ragu. Wannan ilimi ne ya gangaro har rumfar da na zauna.

Ranar da za mu Gure neman motar da za ta kwashi ragunan, sai ga tsohuwar a tasha tare da ɗanta. Na roƙe su in bi su, suka yarda. Maƙerin Gure matashi ne, ɗan shagonsa da ɗan sikeli mai batir, da madubin ƙara girma, da maganaɗisu. Ɗan tsohuwar ya so ya fara ba shi labarin abin da aka ce a Gamu, ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, dakata tukuna. Bari in gani da idona, kada kunnena ya riga ni." Wannan ma ta burge ni ƙwarai.

Ya auna su ɗaya-ɗaya. Ya kanga musu maganaɗisu, babu wanda ya motsa. Da ya zo kan wanda ake zargi, shi ma ya ji amon ya gajarta, amma bai tsaya nan ba. Ya sa madubi ya bi bakin, ya daɗe, sannan ya kira ta.

"Inna, matso ki gani. Ga wata 'yar tsaga nan, kamar gashi, daidai inda aka liƙa kunnen. Ita ce ta kashe masa murya. Amma dubi haruffan bakinsa yadda suka fito tsaf. Mai zubi ba ya iya fitar da su haka, nasa sukan cuɗe, fuskar kuma ta yi ƙananan ramuka. Nauyinsa ya cika. Azurfa ce, ba ta da wani laifi."

Daga nan ya ware wani daban, cikin shidan da aka wanke a Gamu. Ya ce shi ma na gaske ne, sai dai ya sha wuya da goga, fuskar sarauniya ta lafe, ƙwayoyin maɓallin sun tafi, sikeli kuma ya nuna ya gaza 'yan'uwansa. Ba za a biya shi kuɗinsu ba. Wato dai an ɗaga ɗaya, an sauke ɗaya. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. A nan na ga inda ido da kunne suka kai, na ga kuma inda sai da sikeli ya taimaka musu.

Abin da tsohuwar nan ta yi, a Amurka da Turai sana'a ce mai zaman kanta, ta maƙudan kuɗi. Masu tara tsofaffin sulalla suna aika su ga kamfanonin tantancewa. Manyansu biyu ne, PCGS da aka kafa a Kalifoniya a 1986, da NGC da aka kafa a 1987, wanda yanzu yake Fulorida. Suna aiki da ma'aunin da William Sheldon ya fitar a 1949, daga 1 zuwa 70: 1 shi ne wanda ya shafe har da ƙyar ake gane shi, 70 wanda ko da madubi ba a ga tabo a jikinsa. Ƙwararru su duba, su yanke lamba, a rufe sulen cikin ɗan akwatin roba mai garai-garai, a liƙe da takardar shaida. Tazarar lamba ɗaya tak, a ce 64 da 65, tana iya ninka farashin sule in irinsa ya yi ƙaranci. Shi ya sa wanda bai gamsu da hukuncin wani kamfani ba, ko ya ga masu saye sun fi yarda da ɗayan, yakan kai ƙara gaba. Ya aika sulen cikin akwatinsa na farko, ya rubuta lambar da ba zai yarda a yi ƙasa da ita ba. In masu dubawa sun ga ya kai, su fasa tsohon akwatin su sa shi a nasu. In bai kai ba su maido shi yadda ya zo, kuɗin aiki kuwa ya tafi. Masu ƙarfin hali sukan fasa akwatin da kansu su aika sulen tsirara, don kada tsohuwar lambar ta ja ra'ayin mai dubawa, duk da sun san yana iya dawowa da lambar da ta gaza ta da. Dabarar da matashin Gure ya yi ke nan da ya hana a ba shi labari.

Tsarin nasu yana da amfanin da ba a raina shi. Shaidarsu tana tafiya: mai saye a Hong Kong zai biya kuɗin sulen da ke Paris bai taɓa riƙe shi ba. Maganar maƙerin Gure kuwa iyakarta inda aka san shi. Ko sulallan tunawa da 'yancin kan Nijar, masu hoton Diori Hamani da shekarar 1960, ta wannan hanya suke samun kasuwa a waje. Amma liyarin tsohuwar nan, da an aika shi can, ko lamba ba za a ba shi ba. Duk sulen da aka huda, ko aka liƙa wa kunne, ko aka goge, sai dai a shaida na gaske ne a rubuta aibinsa. Kunnen da ya sa ya rayu a wuyan mata huɗu na gida ɗaya shi ne laifinsa a wurinsu. Kuma mai sule a can lamba yake karɓa a cikin saƙo, bai ga fuskar wanda ya yanke ta ba. A ƙasar Gure hukunci a gabanka ake yin sa, da dalilinsa, a ɗora maka yatsa a kan tsagar ka ji ta. Tsohuwar ta shigo da zargi, ta fita ta san abin da ke hannunta fiye da yadda ta san shi shekara hamsin. Wannan na fi so, kuma ina jin takaicin yadda yake ƙaranci a manyan kasuwanninmu, inda mai saye da mai tantancewa mutum ɗaya ne, kuma ba ya son ka je gaba.

Abu guda ya tsaya mini a rai. Matashin ya ce mafi yawan liyarin da ake kawo masa narka su ake yi, a ƙera mundaye da zobba. Gaskiya ne akasarinsu kuɗin azurfarsu kawai suke ci, tunda an buga su ba adadi. Amma tunda duk 1780 suke ɗauke da ita, wanda aka buga shekara ɗari biyu da suka wuce da wanda aka buga jiya sai ƙwararre ke raba su, ta ƙananan alamu a gashin mikiya da haruffa da ƙwayoyin maɓalli, kuma tsofaffin bugun suna da masu nemansu da tsada. Wanda ya gaji irin wannan, kada ya goge shi da toka ko tsamiya don ya yi ƙyalli, kada kuma ya miƙa shi ga wuta kafin ido na biyu ya gani.

Tsohuwar ta sayar da shafaffen da wani guda a nan Gure, ta riƙe mai tsagar, ta ce wannan na amarya ne. Da muka koma Gamu ɗaukar ragunan na raka ɗanta rumfar dattijon, ya isar da saƙo kamar yadda aka yi alkawari. Dattijon ya saurara har ƙarshe, bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya. Ya ce, "Ɗana, gaya wa Iya ran kasuwa ta taho mini da shi. Ina so in ga tsagar nan, in sake jin muryarsa, don in gane irinta in ta sake zuwa." Sannan ya tambayi nawa ake sayar da irin madubin nan a Damagaram.